Makulli a Aljihu

Ƙudan farko da ya tsallako shingen filin jirgin, da katako Dungu ya sauko da shi.

Ba ƙudan gaske ba ne. Irin ƙananan jiragen nan ne marasa matuƙi, masu farfela huɗu da kyamara a ciki, waɗanda samari ke tuƙawa daga ƙasa da rimot. Dungu ne ya raɗa musu ƙudaje saboda kukansu. Wannan ya zo ƙasa-ƙasa, ya tsaya cak a bakin rumfar jirage yana leƙen ciki. Dungu yana durƙushe, yana tare tayar jan jirgi da katako mai igiya. Ya miƙe, ya kama igiyar da hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya wulwula katakon sau biyu ya saki. Abin ya tarwatse. Farfela ɗaya ta faɗa bokitin baƙin mai. Sauran ya bi da takalmi har kukan ya mutu.

Mutum uku suka taho a guje ta bayan shingen. Na gaba dogo ne, da jakar kyamara a wuya, Mai Hoto suke ce masa. Na ƙarshe kuwa ko daga nesa Dungu ya san tafiyarsa. Auta ne, ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Kai mai gadi! Ka san abin da ka taka kuwa?" in ji Mai Hoto.

"Ƙuda."

"Bar shi," in ji Auta, yana haki. "Yayana ne. Jirgin ma nawa ne." Ya dubi tarkacen ta cikin wayar shingen. "Wata huɗu ina haɗa shi, Yaya."

"Au, wannan ne yayan naka?" Mai Hoto ya matso, yana kallon guntun hannun daman da aka naɗe wa hannun riga. "To Allah ya yi mana gyaɗar dogo. Da hannu ɗaya ma ga ɓarna, ina ga biyu ne?"

Dungu ya zura hannu ta ramin wayar, ya damƙi igiyar jakar, ya fizgo. Fuskar Mai Hoto ta daki shingen. Ya sake fizgowa. Leɓen ya fashe, jini ya sauka kan farar riga.

"Dungu! Sake shi!"

Kyaftin ne, mai filin. Tsohon matuƙi, mai tumbi, mai makarantar koyon tuƙi da jirage biyu, ja da fari, farin ma a kwance yake ba inji. Ɗalibinsa na ƙarshe ya tafi tun shekaru biyu. Ya ba Mai Hoto hankicinsa da haƙuri, amma idonsa na kan rimot ɗin da ke hannun Auta, irin kallon da mai yunwa ke yi wa tukunya.

"Ku nawa ne masu tashin waɗannan?"

"Mun kai ashirin, ranka ya daɗe."

"Ashirin! Ku zo min ranar Asabar, dukanku. Ku tashi abinku a fili, ni kuma in ɗaga mutum uku sama, ku ji yadda na gaske yake. Wanda zai iya kallon sama awa biyu wuyansa bai gaji ba, ai rabin ɗalibi ne." Ya juyo kan Dungu. "Kai kuma, shekara biyu ina roƙon Allah wani ya leƙo rumfar nan. Yau an leƙo, ka tsone masa ido."

Dungu ya tsamo farfelar daga bokiti ya jefar.

Da yamma ya tarar da Auta a shagonsa na gyaran waya, wanda ke manne da ƙofar gidansu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hannuwan. Yatsu goma, sirara, masu natsuwa. Da ɗan hantsaki Auta ke ɗauko noti mai girman ƙwayar yashi, ya dasa shi a gurbinsa ko rawa babu. Tun Auta yana goye Dungu ke ƙirga yatsun nan, da wasa. Tun shekara tara da suka wuce ya daina yi da wasa.

"Ba za ka je ranar Asabar ba."

"Sannu da zuwa, Yaya. Lafiyata ƙalau, na gode da tambaya."

"Na ce ba za ka je ba."

"Ni ne na farko da Kyaftin zai ɗaga." Auta bai ɗago ba. "Ka san me nake yi da ƙudan da ka kashe? Kullum sai in kai shi iyakar inda zai iya, in ga rufin gidaje sun zama kamar akwatunan ashana, sai batir ya ce in dawo. A gilashi nake gani, Yaya. Ina so in gani da idona."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bishiya ba zai hango ba."

"Yanzu yaro ba ya hawa bishiya, kyamara yake aikawa. Kuma ni ba yaro ba ne, shekarata ashirin da shida. Jirgi ya ci hannunka, na sani, Allah ya isa. Amma inji na aiki ka kusance shi. Ni mahaukaci ne da zan kusanci inji yana aiki?"

Dungu ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro. Ta tsaya nan, kamar kullum. Maimakonta sai ƙafarsa ta tashi. Teburin ya kife, wayoyin mutane suka watse a siminti, gilasai suna tartsatsi. Auta ya miƙe, mari ya mayar da shi kan kujera. Ya sake miƙewa, wannan karon da kai ya zo, abin da bai taɓa yi ba, ya daki yayansa a ƙirji. Suka zube tare cikin tarkace. Dungu ya fi nauyi. Ya hau kansa, ya danna masa dungun a maƙogwaro, ya danna, har idon Auta ya fara juyawa.

Duka ya sauka a ƙeyarsa. Inna ce, da muciya.

"Kashe min shi za ka yi? Ɗaga shi, ɗan banza mai zuciyar dutse!" Ta ƙara masa biyu a kafaɗa kafin ya mirgina. Auta yana tari, yana riƙe da wuya. Inna ta tsaya a tsakaninsu, ɗankwalinta a ƙasa. "In akwai abin da kake tsoro, faɗa masa da baki mana. Bakin ma jirgin ya cinye?"

Dungu ya kakkaɓe gilashi daga gwiwarsa ya fita.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa a gidan ba shi ne, ranar da farfela ta sare shi, injin a kashe yake. A lokacin shi ne makanikin filin, ba mai shara da zuba mai ba. Ya cire batir. Makullin jirgin yana aljihun wandonsa. Ya kama farfelar ya juya ta kaɗan don ya goge bayanta. Amma irin injin nan ba ya jiran batir, da kansa yake haifar da wutarsa in an juya farfela, kuma wata siririyar waya ce kaɗai ke kashe wutar. Wayar ta tsinke. Duba ta aikinsa ne, bai duba ba. Injin ya yi tari sau ɗaya. Ɗaya tak. Tafin hannun ya tashi daga wuyan hannu ya faɗi kusa da ƙofar rumfa, yatsun suna riƙe da tsumman. Kyaftin ne ya naɗe shi a tawul, kuma Kyaftin ne ya rufa masa asiri. A gida aka ce tsautsayi ne, inji na aiki. Dungu ya bar shi a haka. Gara a ce tsautsayi da a ce sakaci.

Ranar Asabar ya riga kowa zuwa. Rana ta ɗan ɗaga, filin shiru. Ya buɗe cikin jan jirgin, da haƙori da hannu ɗaya ya kwance batir ɗin, ya rungumo shi ya ajiye kan benci, ya maƙala masa wayoyin caji. Jirgin da ba batir ba ya tashi da kowa. Ya ji wani sanyi a ransa, irin na wanda ya rufe rijiya.

Suka iso su goma sha bakwai, da jakunkuna da dariya. Mai Hoto da filasta a leɓe. Auta da mayafi a wuya, don ya ɓoye shatin. Bai gaishe da yayansa ba.

"Me batir ke yi a benci?" in ji Kyaftin.

"Ya yi sanyi."

"Jiya da kaina na tayar da shi."

"Yau ya yi sanyi."

Kyaftin ya dube shi dogon kallo. Gaban baƙi ne, ya haɗiye. Ya tafa hannu ya ce wa samarin su ba shi awa ɗaya, su tashi ƙudajensu kafin nan, shi zai shiga ofis ya kwaso takardun cikewa. Yana tafiya ya waiwayo ya ce kada a taɓa komai, amma rabinsu sun riga sun durƙusa kan jakunkunansu.

Nan da nan sama ta cika da kuka. Ƙudaje goma, sha biyu, suna tsere kan titin jirgin, suna juyi, suna wucewa ta saman rumfa. Dungu ya koma can wajen gangunan mai, taku talatin daga jirgin, ya ɗauki babbar sifanar da yake buɗe murfi da ita. Bai buɗe komai ba. Kallo yake.

Waɗanda ba su tashi nasu ba suka kewaye jan jirgin. Suna shafa fiffike, suna leƙa kujeru. Wani ya ce ashe ciki bai fi ƙaramar mota ba. Wani ya ce wallahi sai ya koya, ko da zai sayar da babur ɗinsa. Mai Hoto ya kafa kyamara kan ƙafafunta uku, ya jera su a gaban hancin jirgin.

"Auta, tsakiya. Kai ne angon yau. Kai, wannan farfelar ta raba maka fuska biyu. Kwantar da ita."

"Kyaftin ya ce kada a taɓa," in ji wani.

"Mataccen abu ne," in ji Auta. Ya nuna benci da haɓa. "Ga batir can. Mu da muka saba? In ka cire batir, ko a baki ka sa farfela."

Dungu bai ji maganar ba. Hannun Auta ya gani yana tashi.

"Auta!"

Kukan ƙudajen ya haɗiye sunan. Ya sake kira, ya ji muryarsa kamar ta mai kira daga ƙarƙashin ruwa. Ya zabura. Taku talatin. Ya ga yatsun sun sauka kan bakin ƙarfen, sun lanƙwashe, sun riƙe. Ya ga gwiwar hannun ta ɗan sauka, alamar za a ja. Ba shi da hannun da zai fizge mutum, wanda yake da shi yana riƙe da sifana. Bai tsaya ya zaɓa ba. Ya ɗaga ta ya sauke da dukan ƙarfinsa.

Hannun Auta na tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Farfelar ta gusa taƙi guda saboda dukan. Injin bai ce uffan ba.

Auta ya durƙusa, ya rungume hannun a cikinsa, bakinsa a buɗe ba sauti. Sai sautin ya zo. Dungu bai taɓa jin irinsa ba sai daga bakinsa shi kansa, a wannan wurin, shekara tara da suka wuce.

"Ya kashe shi! Mahaukacin ya kashe shi!"

Ƙafar kyamara ce ta fara samunsa, a kunne. Mai Hoto ne, ya riƙe ta hannu biyu kamar gatari. Dungu ya faɗi kan gwiwa, sifanar ta suɓuce. Suka rufe shi. Takalma a haƙarƙari, a baya, a fuska. Wani ya ɗauko katakon tare taya, shi ɗin dai mai igiya, ya dinga maka masa a kafaɗa. Wani ya taka dungun ya murza. Bai kare kansa ba. Da wane hannu? Ya ji haƙori ya karye, ya tofar. Wani abu a gefen ƙirjinsa ya ce ƙas, numfashi ya zama wuƙa.

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma yana ɗaukar sifana, ko?" Mai Hoto yana duka yana faɗa. "Yau sai na karya ɗayan!"

Da suka mirgina shi rigingine, ta idon da bai rufe ba ya ga ƙudajen. Masu su sun saki rimot sun zo duka, su kuma sun tsaya cak a sama, a jere, suna kallo.

Farin hayaƙi ya turnuƙe wurin. Kyaftin ne da tukunyar kashe gobara, yana fesa musu a fuska, yana zagi irin na tsofaffin ma'aikata. Suka watse suna tari. Ya ce a kawo mota. Kafin ta zo ya buɗe murfin injin, ya zura hannu, ya laluba, ya ja wata siririyar waya sau biyu. Ya zo ya tsaya a kan Dungu.

"Lafiyarta ƙalau. Kullum da safe nake duba ta, tun ranar taka. Kullum." Ya nuna Auta. "Da ba ka cire batir ba, da yanzu yana sama tare da ni, da hannunsa biyu. Ajiye min makullin ƙofa."

A asibiti gadajensu na kallon juna. Da la'asar likita ya zo da hoton ƙashin, ya ɗaga shi a taga. Babban yatsan Auta da biyu na kusa da shi sun karye. Za su haɗe, in ji shi, amma ba za su ƙara lanƙwashewa kamar da ba. Inna na zaune a tsakiya kan kujerar roba, ba ta kalli ko ɗaya ba.

"Garin neman gira," ta ce, ba ta ƙarasa ba.

Dungu ya ja numfashi, wuƙar ta juya a ƙirjinsa. Ya yi magana yana kallon silin.

"Ranar tawa, a kashe yake. Na cire batir. Makullin yana aljihuna. Injin nan ba ya buƙatar batir, in waya ɗaya ta tsinke, juyawa kaɗan ta isa. Ni ya kamata in duba wayar. Ban duba ba."

Fanka na juyawa a sama. Auta ya juyo ya dube shi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Shekara tara, Yaya. Maganar da ba ta kai tsawon sallama ba." Ya ɗaga hannun da aka naɗe, fari, ƙato kamar ƙulli. "Da ka faɗa min a shago, da ko da sanda aka kora ni ban taɓa ta ba."

Ya juya fuskarsa bango.

Shagon bai sake buɗewa ba. Auta ya gwada, bayan an kwance ɗaurin. Hantsakin ya dinga zamewa, notin ya dinga ɓacewa a ƙasa, ranar ta uku ya jefa komai a kwali. Rimot ma da manyan yatsu biyu ake tuƙa shi, nasa ɗaya ya zama itace. Amma sitiyarin jirgin gaske da tafin hannu ake riƙe shi. Kyaftin ne ya faɗa masa haka, ranar da ya zo dubiya. Ya ce yana neman mai zuba mai da tare taya, kuma duk ranar da sama ta yi kyau akwai kujera a gefensa.

Daga cikin goma sha bakwai ɗin, huɗu sun dawo sun cike takarda.

Dungu yana gadin wani gidan ajiye kaya yanzu, can ƙarshen unguwa. Ranar Asabar ba ya aiki. Yakan tako har bayan shingen, daidai inda wayar ta lotsa da fuskar Mai Hoto, ya tsaya.

Yau jan jirgin yana waje. Auta ya fito daga rumfa da katako mai igiya a kafaɗa. Bai bi ta gaban hancin ba, ya yi doguwar kewaya ta bayan fiffike, kamar mai kauce wa kare. Wani sabon ɗalibi, da jakar ƙudansa a baya, ya matsa kusa da farfelar yana miƙa hannu.

"Kai! Baya!" Muryar Auta ta iso har shingen. "A kashe yake, na sani. Zo nan in gaya maka wani abu."

Ya ja shi gefe, ya daɗe yana magana, yana nuna injin da hannun da ba ya lanƙwashewa. Sau ɗaya ya nuna wajen shingen, bai juyo ba. Ɗalibin ne ya juyo, ya kalli Dungu, ya kalli hannun rigar da aka naɗe, ya sa hannuwansa biyu a aljihu.

Daga baya injin ya tashi. Kyaftin a dama, Auta a hagu. Jirgin ya gudu kan titin, ya ɗaga hanci, ya wuce ta saman shingen, iskarsa ta kaɗa rigar Dungu. Ya ɗaga hannunsa ya kare rana. Ya bi shi da ido har wuyansa ya fara ciwo, bai sauke kai ba.